Daga Kurmi zuwa Kwantiragi: Tarihin Barin Gida don Neman Aiki

Da zarar an ɗaure damman hatsi an zuba a rumbu, tashoshin motar Tawa da Madawa da Kwanni sukan cika maƙil da samari. Kowane da ƴar jakarsa, da kuɗin motar da aka sayar da akuya ko aka ranto aka haɗa masa, da sunan wani ɗan garinsu da zai sauka wurinsa a Abijan, ko Legas, ko Sabha. A daidai wannan lokaci ne kuma ake komawa lakwal, saboda haka akan tarar da wani saurayi na daban a kujera guda da su. Shi takardun jami'a ne cikin jakarsa, tare da takardar da ta tura shi koyarwa a wani ƙauyen da bai taɓa jin sunansa ba, bisa kwantiragi.

Shekaru hamsin da suka wuce babu abin da ya haɗa waɗannan matafiya biyu. Uban da ya yarda ya bar ɗansa a lakwal yakan yi haka ne da fatan yaron ya tsira daga tafiya biɗa, ya samu aikin da ake shiga da ƙuruciya a fita da furfura. Yadda aka yi hanyoyinsu suka haɗu labari ne da ya fi ƙarni guda, kuma ƙasar Adar na cikin wuraren da aka fi ganinsa a fili.

Rani mai tsawo

Tushen al'amarin yana cikin yanayin ƙasar. Damina a Adar wata 3 ce zuwa 4, gonakin tudu kuma duwatsu sun ci rabinsu, sai fadamu irin na Maggiya da ke riƙe laima. Sauran watanni 8 ba aikin gona, amma baki bai daina ci ba. Daga nan kalmar cin rani ta samo ma'anarta: mutum ya je ya cinye raninsa a wani wuri, domin abin da ke cikin rumbu ya kai mata da yara da tsofaffi har faɗuwar ruwa. Ko bai komo da komai ba, bakinsa da ya ɗauke daga akushin gida riba ce.

Tun kafin zuwan Turawa akwai hanyoyin da aka saba bi. Fatake sukan haɗa ayari ƙarƙashin madugu, su ɗora wa jakuna kanwa da fatu da tufafi, su nufi Gwanja, su komo da goro. Babbar kasuwar wannan ciniki ita ce Salaga. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi a 1874 kasuwar ta soma rauni, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa mutanenta, Hausawan da ke can suka bazu zuwa Kete-Karaci da Kumasi da Akara, suka kafa zangonni. Waɗannan zangonni su ne suka zama masaukin ƴan cin ranin da suka biyo baya. Sai dai falke da dukiyarsa yake tafiya, ba ƙarfinsa yake kaiwa kasuwa ba. A wancan zamani aikin gona na iyali ne da bayi, ƙodago don lada kuwa bai yawaita ba.

Haraji ba tare da wurin aiki ba

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, suka mai da ƙasar cikakkiyar mallaka a 1922, suka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Abubuwa biyu da suka kawo su ne suka sake fuskar tafiya: harajin kai, wato lanho, wanda daga baya aka ce sai da kuɗin Bature za a biya ba da wuri ba, da kuma aikin dole. Kowane baligi yana da kwanakin da zai yi wa kumandan a shekara, na gyaran hanya, da ɗaukar kaya, da gini, ba tare da lada ba. Ga kuma ɗibar soja.

Abin lura a nan shi ne, gwamnatin da ke neman kuɗi daga talaka ba ta buɗe masa inda zai samu kuɗin ba. Nijar ta mulkin mallaka ba ta da jirgin ƙasa, ba ta da tashar jiragen ruwa, ba manyan gonaki, ba manyan wuraren haƙar ma'adinai. Duk waɗannan suna hayin iyaka, a hannun Ingila. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, ana neman ƴan dako da leburori. A Jos ana haƙar kuza. A ƙasar da ake kira Gold Coast, Gana ta yau, koko ya yi albarka, ana tonon zinariya a Obuwasi da Tarkwa, an kuma buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928. Saurayin da ya tsallaka ya jefi tsuntsu biyu: ya ɓace wa mai rubuta sunayen aikin dole, ya kuma samo abin da ubansa zai biya lanhon gida. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda aka yi wa laƙabi da Kakalaba, ta ƙara tura jama'a kudu.

Akwai kuma wani rukuni da tafiyar ta zame wa ƙofar ƴanci. Dokar Faransa ta Disamban 1905 ta hana bauta a takarda, amma a ƙauye bawa yana nan gaban ubangijinsa. Binciken da Benedetta Rossi ta yi a kan Adar ya nuna yadda ƴaƴan bayi da yawa suka yi amfani da nisa wajen kwance wannan igiya: a Kumasi ko Kano ba mai tambayar asalin ɗan dako, abin da ya ɗauka ake biyansa.

An soke aikin dole da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Tafiya ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi, domin yanzu ba mai tare hanya, buƙatar kuɗi kuma ta riga ta shiga sadaki da sutura da gishirin miya.

Zamanin Kurmi

Shekarun 1950 su ne ganiyar tafiya Kurmi. Tsarin a bayyane yake: baƙo ya sauka gidan mai masauki ɗan ƙasarsu, a ba shi tabarma da tuwon kwana biyu, a nuna masa inda ake ɗaukar lebura. Daga dako sai talla, daga talla sai tebur, wanda Allah ya ɗaga ya kai ga kanti. Har yau a Gana ana kiran masu dako da sunan da ya fito daga kalmar kaya. Wanda ya komo gida da akwati da atamfa da keke, shi ne abin kallon ƴan mata, shi ne kuma ke sa ƙannensa su ƙagu kaka ta yi.

Jean Rouch, wanda ya bi sawun waɗannan matafiya ya wallafa bincikensa a 1956, ya bar shaidu biyu na silima. Jaguar ya bi samari uku daga bakin kogin Kwara zuwa Akara. Moi, un noir, na 1958, ya nuna rayuwar ƴan Nijar a unguwar Treichville ta Abijan, kuma jigonsa shi ne Umaru Ganda, tsohon sojan Indocin wanda daga baya ya zama babban mai shirya fina-finai, har ya ci kyautar farko ta gasar FESPACO a 1972. Yawancin mutanen Rouch Zabarmawa ne, amma halin da ya nuna ya shafi kowa. A fim ɗin Ganda ba shi da aikin da zai kira nasa: kowace safiya sai ya tsallaka zuwa tashar jiragen ruwa ya jira ko za a ɗauke shi na yini guda. Abin da Kurmi ke bayarwa ke nan ga mafi yawan masu zuwa, ladan yau, gobe kuma sai yadda hali ya yi.

Ko wannan ma aro ne. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Mutanen da suka shekara ashirin a zango suka karyar da kayan kantinsu, suka hau manyan motoci da abin da hannu zai iya ɗauka. Ayarin ya karkata zuwa Kodibuwa, inda buɗe mashigin Vridi a 1950 ya mai da Abijan babbar tasha, Houphouët-Boigny kuma yake maraba da ƙarfin baƙi. Mutanen Adar suka yi suna a can da fawa da ƙananan sana'o'i, har abincin nan na garin rogo da soyayyen kifi da talakan Abijan ke ci ya ɗauki sunan Garba, saboda ƴan Nijar da suka shahara da sayar da shi.

Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya ja wasu zuwa Najeriya, suna gadi da ga-ruwa da sayar da shayi. A 1979 ƙasashen CEDEAO suka sa hannu kan yarjejeniyar walwalar jama'a, amma wannan bai hana gwamnatin Shagari korar baƙi marasa takardu a Janairun 1983 ba. A Afrilun 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyaka ta kuma canza takardun naira, abin da mutane da yawa suka tara ya zama takardar banza a hannunsu. Daminar shekarar ta ƙi, hatsin da aka saba shigowa da shi daga kudu ya yanke, shi ya sa har yau a ƙasar Maraɗi ake kiran wannan yunwa El-Buhari. Sau biyu cikin shekara 15 ɗan cin rani ya ga gaskiyar maganar nan ta cewa baƙo raɓa ne.

Gajeren zamanin albashi

A gefen wannan babbar hanya akwai wata ƴar siririya, ta ƴan lakwal. Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, yaran da ke makarantar boko ba su kai 5 cikin 100 ba. Akawuna da malamai da ma'aikatan gidan waya da yawa ƴan Dahome ne da Togo da Senegal. A ƙarshen 1963, cikin rikicin tsibirin Lete, gwamnatin Diori Hamani ta sallami ma'aikata ƴan Dahome, abin da ke tuna cewa Nijar ma ta taɓa nuna wa baƙo ƙofa. Gurabe suka buɗe fiye da masu cika su. Duk wanda ya fito da takarda, gwamnati na jiransa.

Shi ma ma'aikacin wancan zamani matafiyi ne. Ana iya ɗauko ɗan Tasawa a kai shi Bilma, a ɗauko ɗan Doso a kai shi Ngigmi, ba a tambaye shi ba. Amma yana tafiya ne da lambar aikinsa, da albashin ƙarshen wata, da ƙarin girma a kan lokaci, da fansho a ƙarshe. Yakan ɗauki matarsa da ƴaƴansa, har da ƙanne biyu ko uku da zai riƙa. Nisa ne farashin tabbaci, kuma cinikin ya yi kyau.

Uraniyom ya faɗaɗa wannan hanya. An kafa SOMAIR a 1968, ta soma fitar da ma'adini a Arlit a 1971, COMINAK ta biyo baya a Akuta a 1978. Gari ya tashi a tsakiyar hamada, da gidajen ma'aikata da ruwa da lantarki da asibiti, aka kuma shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa can. A karon farko ɗan Adar ya ga ana iya barin gida a samu aikin dindindin ba tare da an tsallaka iyaka ba. Kuɗin uraniyom kuma su suka ba gwamnatin Seyni Kunce damar ɗaukar ma'aikata da gina ofisoshi.

Abin bai jima ba. Daga farkon shekarun 1980 farashin uraniyom ya karye, bashi ya hau kan ƙasa, a 1983 aka shiga yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya, Bankin Duniya kuma ya biyo da sharuɗɗan tsuke bakin aljihu. Aka rufe wasu kamfanonin gwamnati, aka sayar da wasu, aka taƙaita ɗaukar ma'aikata. Ɗaliban da suka yi zanga-zanga ranar 9 ga Fabrairu 1990, aka harbe uku daga cikinsu a gadar Kennedy ta Yamai, suna adawa ne da matakan da suka ga za su toshe musu karatu da aikin da ke bayansa. Taron ƙasa na 1991 ya kawo jam'iyyu, bai kawo kuɗi ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ma'aikata kuma suka shiga shekarun da ake bin gwamnati albashin watanni.

A ƙarshen shekarun 1990 aka fito da dabarar da ta sake ma'anar aikin gwamnati. Ana son a sa yara da yawa lakwal, ba a kuma son kuɗin albashi su ƙaru, sai aka soma ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya suka zama ƴan kwantiragi. Cikin shekaru kaɗan su ne suka zama mafi yawan malaman firamare. Ɗan kwantiragi yana aikin cikakken malami, a aji guda, da alli guda, amma abin da ake ba shi bai kai albashi ba, yakan makara, ba ya kuma tara masa fansho. Tafiyar tana nan yadda take tun zamanin Diori, tabbacin ne aka cire. Abin hannunsa bai isa ya ɗauki iyali ba, sai ya bar matarsa gidan iyayensa, ya kama ɗaki a gidan mai gari, ya riƙa cin bashi wurin mai tebur kafin kuɗi su fito. Wanda ya san rayuwar zango zai gane wannan hoto.

Lissafi ma bai taimaka ba. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 miliyan 17. Jami'ar Yamai ita kaɗai ce ta gwamnati har 2010, lokacin da aka buɗe na Maraɗi da Tawa da Damagaram. Masu takardu suna ninkuwa, guraben dindindin suna tafiyar hawainiya. Ko Arlit ɗin ma ta ja baya: COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan ma'aikata suka kwashe kayansu.

Juyawa arewa

Da ƙofofin kudu suka yi ta ƙunci, musamman bayan ɓarkewar yaƙin Kodibuwa a Satumban 2002, sai hanyar Agadas ta ƙara cika. Libiya ta daɗe tana ɗaukar leburorin gini da na lambu da makiyaya, kuma kuɗinta sun fi na Kurmi auki. Faɗuwar Gaddafi a 2011 ta koro dubban mutane gida hannu wofi, ƙauyukan da suka dogara da aikensu suka ji a jika. A 2014 aka gano zinariya a Jado, samari suka yi can.

Hamada kuwa ba ta da sassaucin hanyar Kumasi. A Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da yara, akasari daga yankin Kance na jihar Damagaram. Wannan ya nuna cewa tafiyar da a da ta maza ce a lokacin rani ta kai ga waɗanda ake tafiyar dominsu. Dokar Mayun 2015 ta hana safarar baƙin haure, ta kuma sa direbobi bin ɓoyayyun hanyoyi masu nisa da rijiyoyi. An soke ta a Nuwamban 2023.

Waɗanda aka bari a gida

Tarihin tafiya yakan manta da wanda ya zauna. A ƙauyukan Adar da yawa, daga kaka zuwa bazara, mata ne da tsofaffi ke riƙe da gari. Da aka soma babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da taimakon Italiya, mata ne suka fi yawa cikin masu ɗaukar duwatsu da haƙa ramukan dashe, ana biyansu da abinci, domin mazan suna Abijan. Mace takan shekara biyu ko uku tana jiran miji, da aure a kanta ba mai auren a kusa, tana rainon ƴaƴan da suka san muryar ubansu a kaset, daga baya a salula, fiye da fuskarsa. Masu cewa gida biyu maganin gobara sun yi gaskiya, domin kuɗin biɗa sun tsamo gidaje da yawa daga yunwar 1973 da ta 1984 da ta 2005. Masu cewa kowa ya bar gida gida ya bar shi su ma ba su yi ƙarya ba.

An sha gwada tsai da mutane. Bayan farin 1984 gwamnati ta yi ta kiran jama'a zuwa noman rani, kuma inda ruwa ke kusa abin ya kama: albasar Galmi ta riƙe samari da yawa a fadama, tana kuma bin hanyar da kakanninsu suka bi zuwa kasuwannin Akara da Abijan. Inda ba ruwa kuwa, wa'azi bai hana kowa hawa mota ba. Haka kumandan ya kasa, haka Busia, haka dokar 2015. Abin da ya taɓa rage tafiya shi ne aikin da ke biya a cikin watanni 8 ɗin nan.

Saboda haka mai zargin samarin yau da raki ko ƙin zaman gida yana auna su ne da ma'aunin da bai wuce shekara 25 yana aiki ba, shi ma ga mutane ƙalilan. Aikin dindindin baƙo ne a ƙasar nan, ya zo da ƴancin kai, ya yi ƙiba da uraniyom, ya rame tare da shi. Haɗarin da ke tafe shi ne uban da ya ga ɗansa mai digiri yana rance wurin ƙanensa mai tura baro a Legas zai yi lissafinsa, ya kuma yanke shawara a kan ƙaramin da ke aji uku. Ƙasar da ke roƙon iyaye su ba da ƴaƴansu lakwal tana da bashin amsa a kan wannan lissafi.

Idan hadari ya soma haɗuwa a gabas, cikin Mayu ko Yuni, motocin sukan juyo. Ɗan cin rani ya sauka da buhun shinkafa da turmin atamfa, ko da jakarsa kawai. Ba da jimawa ba a rufe lakwal, ɗan kwantiragi ma ya iso. Washegari a gan su a gonar gandu, kowa da hauyarsa, a kunya guda. Bayan ƙarni guda na haraji da Kurmi da uraniyom da takardu, gonar nan ce kaɗai ba ta taɓa sallamar ɗayansu ba, ita kuwa aikinta wata 4 ne.